Ƙaramin ƙuda rawaya a lambun Gamkalle: ƙudan rawa ne, kuma wane iri?

Ɗalibar Agro, Harobanda

Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Ina neman taimakon masu ilimin ƙwari. A farantan tarko da aka ajiye tsakanin fangalin tumatir da na salati a wani lambu na Gamkalle, bakin kogi, akwai wani ƙaramin ƙuda da ke yawan faɗawa. Tsawonsa wajen milimita 2 ne. Kansa baƙi, ɗan dunƙule, kusan duk ido. Ƙirjinsa rawaya mai sheƙi, da ɗan doro, da tabo baƙi ta baya. Ƙafafu rawaya. A kan ganye ba ya son tashi, gudu yake yi, ya tsaya, ya ƙara gudu, wani lokaci da wani ƙwaro da bai kai shi girma ba a soke a bakinsa.

Mai lambun ya ce shi ne ƙudan da tsutsarsa ke yin zane a cikin ganyen tumatir, har yana shirin fesa magani. Ni kuma ina zaton dangin ƙudan rawa ne, Empididae, masu taruwa a sama kamar suna rawa, sai dai shi ba a ga yana taruwa ba. Me zan duba in tabbatar? Ta yaya ake kaiwa ga sunan irinsa? In kuma ya zamana ba shi da suna, yaya ake rubuta bayaninsa? Akwai lup mai ido biyu da ke ƙara girma har sau 40.

Malamin Ƙwari

Wa alaikumus salam, ƴata. Zatonki ya yi kusa, amma ki rage sauri. Fara da kai, sannan fiffike, launi ya zo daga ƙarshe.

Ki kwantar da shi a alkol, ki juyo fuskarsa. Ƙudan da ke zane a ganye, Liriomyza, yana da wani tsagi da ya lanƙwasa a saman gindin ƙahonninsa, alamar jakar da ya hura ya fasa kwasfarsa ranar da ya fito. Ƙudan gida ma yana da shi. Dangin ƙudan rawa duka ba su da wannan tsagi. Sai ƙahon kansa: na Liriomyza gaɓa ta uku a kewaye take, gashin kuma daga bayanta yake fitowa, kusa da gindi. Na wanda kika siffanta, in har shi ne, gaɓa ta uku za ta tafi tana tsukewa, gashin ya fito daga can ƙarshenta. Bakin Liriomyza laushi gare shi, na lasa. Na wannan tsinke ne mai tauri, gajere, yana kallon ƙasa. Ƙwaron da kika gani soke a bakin ya riga ya ba da rabin amsa, don Liriomyza ba ya farauta.

Yanzu fiffike, nan aikin yake. Ki cire na dama da hantsaki daga gindi, ki sa a ɗigon gilisirin tsakanin gilashi biyu, ki haska daga ƙasa. Jijiyar da ake kira R4+5 ita ce doguwar da ke ƙarewa kusa da tsinin fiffike. In ta rabu biyu kafin ta kai baki, kina cikin Empididae, galibi Empis ko Hilara. In ba ta rabu ba, magana ba ta ƙare ba, don Rhamphomyia ma Empididae ne kuma tasa ba ta rabuwa. Sai ki dubi tsakiyar fiffiken. Akwai rufaffen ɗaki, wanda littattafai ke rubutawa dm, da jijiyoyi ke fita daga cikinsa zuwa baki? Empis da Hilara da Rhamphomyia duk suna da shi. In babu shi sam, jijiyoyin sun miƙe kawai daga ƴan ɗakunan gindi zuwa baki, ga ƙuda mai gudu a ganye, to Tachydromiinae ne, wani reshe a cikin iyalin Hybotidae.

Hybotidae da a cikin Empididae ake lissafa su. Chvála ne ya ware su iyali mai zaman kansa a 1983. Saboda haka tsofaffin littattafai, har da babban aikin K. G. V. Smith na 1969 kan na kudancin Afirka, Empididae za su ce miki. Kada wannan ya ruɗe ki lokacin neman bayani, ki nema da sunayen biyu.

Rashin taruwa a sama kuwa ba abin mamaki ba ne. Masu wannan al'ada su ne Empis da Hilara da Rhamphomyia, inda namiji ke kamo ƙwaro ya shiga taron da shi, ya miƙa wa tamata, tana ci ana barbara. Namijin Hilara gaɓar farko ta tafin ƙafarsa ta gaba a kumbure take, daga nan yake fitar da zaren da yake naɗe kyautar. Waɗannan sun fi yawa a ƙasashe masu sanyi da laima da kan tsaunuka. A wuri mai zafi irin namu, masu gudun nan aka fi sa ran samu.

In an tabbatar Tachydromiinae ne, ga yadda ake rarrabe gidaje, wato rukunan da ke ƙasa da iyali, kowanne ya tara ire-ire makusanta. Ki dubi ƙafar tsakiya. In cinyar ta yi kauri, da layi biyu na ƙananan ƙayoyi ta ƙasa, ƙwaurin kuma yana ninkuwa a kanta kamar askar aljihu, sau da yawa da tsini a ƙarshe, sannan a gindin fiffike ta baya akwai ɗan ɗakin cua, Platypalpus ne. Su ma akwai rawaya da yawa a cikinsu, shi ya sa na ce launi ya jira. In ba ɗakin cua, ƙafar tsakiya ba ta yi wannan kaurin ba, a cikin ƴan ɗakunan gindin fiffike kuma na gaba, br, ya fi na bayansa, bm, gajarta, kin shiga Drapetis da Crossopalpus da Elaphropeza. Crossopalpus galibi baƙi ne, kumatunsa ya sauko ƙasan ido har ana gani, kuma akwai dogon gashi guda a ƙasan gaɓa ta biyu ta ƙaho. Drapetis gefen ƙirjinsa, faifan da ke gaban gindin fiffike, yana da ƴan gasu. Elaphropeza wannan faifan kusan fayau yake, ƙwaurin ƙafar baya yawanci da gashi mai tauri ɗaya ko biyu ta gaba-sama, kuma a bayan ciki, wajen tsakiya, akwai gaɓa mai duhu da faɗi da wasu gasu masu fale-fale. Rawaya da tabo baƙi da milimita 2, hankalina ya fi kwantawa da Elaphropeza. Amma ki duba da idonki, kada ki rubuta don Malam ya faɗa.

Littafin da za ki buɗe shi ne Manual of Afrotropical Diptera, juzu'i na 2, na 2017, wanda Kirk-Spriggs da Sinclair suka tsara. Akwai babi na Empididae, akwai na Hybotidae, da hotunan fiffike da mabuɗin da zai kai ki har gida. Ana samunsa kyauta a intanet. Gida kawai zai kai ki. Iri kuma wani aiki ne.

Na Ader, Tawa

Lahiya lau, ƙanwata. Malam ya gama da maganar lup, ni bari in taɓo ta mai lambu, don shi feshi ba ya jiran littafi.

A nuna mai bambancin a kan ganye. Liriomyza bayansa baƙi ne da ɗigo rawaya guda a ƙarshen ƙirji, shi kuma wanda kinka kama akasin haka ne, rawaya da tabo baƙi. Macen Liriomyza takan zauna ta huda ganye, ta bar ƙananan ɗigo-ɗigo farare a sama. Mai gudun nan ba ya huda ganye, ƙananan ƙwari masu laushi yake bi, irin farin ƙuda da ƴan ƙudajen taki da shi kansa mai zanen. Tsutsar danginsa a ƙasa mai laima da ruɓaɓɓen ganye da taki take zama, ita ma farauta take. Shi ya sa anka fi ganinsa inda anka zuba takin gida ana ban ruwa safe da marece.

In zanen ne ya dame shi, a ɗaga ganyen a rana a duba ƙarshen zanen. Tsutsa mai rai rawaya ce, ana ganin bakinta yana motsi. In ta yi baƙi ko ta bushe, ƙananan zanzaro masu kashe ta sun riga sun yi aiki. Magani mai kashe kowa da kowa, irin lambda-cyhalothrin da ke yawo a kasuwa, yana share zanzaron da waɗannan mafarauta, ita kuwa tsutsar tana cikin ganye a ɓoye, bayan sati biyu ko uku zanen ya fi na da. A tsinke ganyen ƙasa da sunka cika da zane a binne ko a ƙone, ya fi.

Abu guda kuma, tunda lambun bakin kogi ne. Taron da ake gani da magariba yana hawa yana sauka bisa ruwa ko bisa kan mutum, kada a ce shi ne ƙudan rawa. Yawanci Chironomidae ne, masu kama da sauro. Namijin ƙahonsa buzu-buzu ne, ba su da tsinken baki, in sun sauka ƙafafun gaba suke ɗagawa. A tabkin Tabalak ma su ne ke cika fitila. Ɗaliban da ke kai raga cikin wannan taro suna cika kwalba da abin da ba shi anka aike su ba.

Mai Ɗakin Gwaji

Ƙanwata, kafin a kai ga suna sai samfurin ya tsira, kuma a Yamai nan ne aka fi yin asara.

Faranti rawaya, ruwa ya kai rabi, ɗigo biyu na sabulun ruwa marar ƙamshi don ƙudan ya nutse. A kwashe kowane awa 24. In ya kwana biyu a zafi, ciki ya kumbura, gasu su zube, su kuwa gasun nan da su ake rarrabewa. Lokacin hunturu ƙura takan cika farantin ta manne a jiki, sai a tace da matacin shayi mai laushi, a ɗauraye da ruwa mai tsabta kafin a sa a alkol. Raga ma tana kamawa in an shara ta a kan ciyawar bakin fangali da safe, amma sai an tsotse su da ƴar kwalbar tsotso nan take, don gudu suke su fita.

Alkol mai digiri 70 zuwa 75 don dubawa. In na 90 ne a hannu, a auna mililita 78 a cika da ruwa ya kai 100. In na 96 ne, mililita 73. A duba takardar kwalbar: wani alkol na farmasi an sa masa kafur da launi rawaya, bai dace da ƙudan da launinsa ake son gani ba. Washegari a canza alkol ɗin, don ruwan jikinsu ya riga ya tsarma na farko. Waɗanda za a yi wa gwajin DNA a ware su tun farko a na 96, a sa a firiza. Ƙananan kwalabe kuma a toshe su da auduga, a kifa su cikin babbar kwalba mai cike da alkol da murfi mai roba. In ba haka ba, watan Afrilu ɗaya ya isa ya busar da su. A ajiye a duhu, haske yana cin rawaya har ta koma fari.

Takardar bayani a cikin kwalbar take zama, da fensir, ba biro ba, ba a jikin murfi ba. Ƙasa, gari, unguwa, lambobin GPS, rana da wata da shekara, irin tarko, irin shuka, sunan mai kamawa. Samfurin da ba shi da wannan, ko sabon iri ne, ba ya amfanar kowa.

Hanyar da ta fi sauri a yau ita ce DNA. A cire ƙafa ɗaya, a karanta guntun DNA da ake kira COI mai harafi 658, a gwada da BOLD, rumbun intanet da ke tara irin waɗannan guntaye da sunayen masu su. Ni da shi zan fara, da hoto mai kyau a iNaturalist, shafin da masana ke taimakawa wajen gane halittu daga hoto, kafin a shiga wahalar fiɗa.

Malamin Ƙwari

Duk abin da ka faɗa kan adana samfuri haka yake, ban da abin ƙarawa. Kan DNA ne zan ɗan ja da kai. Rumbun ba ya ba da suna sai in wani ya riga ya tantance irin ya saka. Ga ƙananan ƙudajen Sahel, abin da ya fi yiwuwa shi ne ya ce mata Hybotidae, ko Elaphropeza, ya tsaya nan, abin da fiffike ya riga ya faɗa kyauta. Amfanin DNA na gaske a nan biyu ne: ya nuna ko iri nawa ne ke cikin kwalbar, kuma ya haɗa mace da namijinta, abin da ido ke yawan kuskurewa. Hoton waya kuwa gida ma da ƙyar.

Iri a wutsiyar namiji yake. Ki ware maza tukuna: ƙarshen cikinsu dunƙule ne, a karkace, na mata kuwa siriri ne mai shiga cikin juna. A Hybotidae kayan barbarar namiji a murɗe suke zuwa dama, kuma ɓangaren dama bai yi daidai da na hagu ba. Mai sabon hannu yakan ɗauka ya lalata samfurin ne, ko ya zana hagu a matsayin dama. Haka halittarsu take.

Ki auna fiffike tun kafin ki taɓa komai, daga gindi zuwa tsini. Tsawon jiki yana canzawa da kumburi ko bushewa, na fiffike ba ya canzawa. Ki ɗauki hoto, ki cire ƙafar DNA, sannan ki yanke rabin ciki na baya da allura. A sa shi a KOH, sinadarin da ke narkar da nama ya bar sassa masu tauri, mai kashi 10 cikin 100, wato giram 10 a ruwa mililita 100. A sanyi, ƙuda mai milimita 2 awowi kaɗan sun ishe shi, iyaka ya kwana. In an ɗora ƴar kwalbar a ruwan ɗumi, minti 10 ne ko ƙasa, kuma a riƙa dubawa. In ya daɗe, komai zai zama garau har ba a ganin iyakar gaɓoɓi, kuma ba ya dawowa. In bai ji ba, naman ciki zai rufe abin da ake nema. KOH yana cinye DNA, shi ya sa ƙafar ke fita tun farko, kuma yana cin fata da ido, a sa safar hannu. Daga nan ruwa, ɗigon binegar don ya kashe kaifin, ruwa kuma, sai gilisirin a gilashi mai ɗan rami. Kada a danne da gilashin sama, siffar za ta baje. Ɗan zaren auduga a cikin gilisirin yana riƙe shi a kusurwar da ake so.

Sau 40 ba zai isa a nan ba, sai madubi mai kai sau 100 zuwa 200. A zana ta fuska uku: daga sama inda ake ganin cerci, ƴan yatsu biyu na saman wutsiya, na dama da na hagu, tsawonsu da siffar bakinsu, faifan dama daga gefe, da surstylus na hagu, wato ɗan hannun da ke ƙarshen faifan hagu, da gasunsa. Waɗannan zane-zane su ake jerawa da na littattafai. Iri biyu na iya yin tabo iri ɗaya a ƙirji, wutsiya ta bambanta sarai. Iri ɗaya kuma tabonsa na iya yin girma a wani, ya dushe a wanda bai daɗe da fitowa daga kwasfa ba. Shi ya sa ba a yanke hukunci da ƙuda guda. A tara maza goma ko fiye, a feɗe uku ko huɗu.

Sai a bi duk Elaphropeza da aka taɓa rubutawa daga Afirka, ɗaya bayan ɗaya, har da na Larabawa da bakin Bahar Rum, don ƙwarin Sahel ba su san iyakar taswira ba. Patrick Grootaert na Biraksal da Igor Shamshev sun yi aiki mai yawa kan wannan gida, rubuce-rubucensu su ne samfurin yadda ake bayani da zane. Tsofaffin bayanai wasu layi biyar ne ba zane, a nan dole a nemi hoton samfurin asali daga gidan tarihin da ke riƙe da shi. Kafin a gama wannan, abin da za ki rubuta a kundinki shi ne Elaphropeza sp. 1, wato iri na farko da ba a san sunansa ba tukuna, kuma ba abin kunya ba ne.

In ya tabbata sabo ne, dokar sanya sunan dabbobi tana da sharuɗɗa. Dole a faɗa da kalmomi abin da ya raba shi da makusantansa. Duk sunan da aka buga bayan 1999 sai an bayyana cewa sabo ne, an zaɓi samfurin asali, galibi guda ɗaya, holotype, an kuma faɗi ma'ajiyar da zai zauna. A zaɓi namiji cikakke, wutsiyarsa a ƴar kwalbar gilisirin tare da shi. In mujallar ta intanet ce kawai, sai an yi rajista a ZooBank, rumbun rajistar sunayen dabbobi, ƙa'idar da ta fara aiki a 2012. Kundin kammala karatu da ke ajiye a laburare ba bugawa ba ne, kada ki sa sabon suna a ciki, zai zama suna marar tushe ya dami na baya. Bayanin kansa a jere yake tafiya: kai, ƙaho da tsawon gaɓa ta uku a kan faɗinta, baki, ƙirji da gasunsa, ƙafafu, fiffike, ciki, wutsiya, sannan abin da mace ta bambanta da shi. Fitar da samfuri waje kuma sai da takardar izini, don Nijar tana cikin yarjejeniyar Nagoya kan amfani da albarkatun halittu na ƙasashe. Ki bi ta hannun malamin da ke duba aikinki, kuma wasu samfuran su zauna a gida.

Ɗalibar Agro, Harobanda

Allah ya saka da alheri, Malam, da ku yayyena. An duba: babu tsagi a fuska, R4+5 ba ta rabu ba, babu dm, babu cua, br ya fi bm gajarta, ƙwaurin baya da gashi mai tauri. Sai dai wasu gashi ɗaya ne, wasu biyu, kuma masu biyun tabonsu ya fi faɗi. Iri biyu ke nan?

Malamin Ƙwari

Yana yiwuwa, amma a tabbatar ba karyewa gashin ya yi ba. Ki ƙara girma a kan ƙwaurin masu ɗaya, in gashi ya fita zai bar ɗan rami mai zobe a inda yake. Ki duba ƙafar dama da ta hagu duka. Sannan ki ga ko masu biyun duk jinsi ɗaya ne, don wani bambancin na mace da namiji ne kawai. In akwai maza a kowane kashi, ki raba kwalabe, sp. 1 da sp. 2, ki feɗe biyu-biyu daga kowanne, ki turo zanen cerci da surstylus na hagu mu gani.